Irin Kindirmon Inna

Duk wadda ta taɓa haɗa kindirmo ta san ba madara ce ke yin aikin ba, iri ne. Ɗan ragowar na jiya da ake ɗiba da ludayi a zuba cikin sabuwar madara mai ɗumi, a rufe da faifai a bar ta ta kwana. Na jiya ya haifi na yau, na yau ya haifi na gobe, haka nan har illa masha Allahu. To, irin da ke cikin ƙwaryar Safiya, can sama a wani dogon bene da ke gefen unguwar Tianhe a birnin Guangzhou, daga hannun mahaifiyarta ya fito, a rugar Tankari kusa da Garin Ilu a ƙasar Kano.

Kada ku ce yaya aka yi kindirmo ya hau jirgin sama. Dabara ce ta tsofaffi. Lokacin da Safiya za ta biyo mijinta Munkaila ƙasar Sin, Inna ta yago farin ƙyalle, ta tsoma shi cikin kindirmonta, ta shanya a inuwa har ya bushe ƙamas. Ta naɗe shi ta cusa mata cikin sabuwar ƙwarya, ta ce, “In kin isa ki jiƙa shi da madara mai ɗumi, zai farka. Amma ki riƙa ba shi ci, Safiyatu. Abu ne mai rai.”

Ya kuwa farka. Munkaila yana aikin lodin kaya wa ’yan kasuwar Kano, Safiya tana dafa musu abinci a falon gidansu. Masu sayen riguna a kasuwar Baima, masu dawowa daga garin Shiling da jakunkuna niƙi-niƙi, kowa nan yake sauke gajiyarsa, ya ci tuwo ya kora da fura da kindirmo. Sai Allah ya ɗauki ran Munkaila bayan ’yar gajeriyar jinya, aka binne shi a nan. Shekara ta kewayo Inna ita ma ta bi, Safiya ba ta samu ko zuwa gaisuwa ba. ’Yarta ɗaya, Najiba, tana ruga a hannun Goggo Jumai, yayar Inna. Abin da ya rage wa Safiya a Guangzhou wanda za ta nuna ta ce wannan nawa ne, ƙwaryar nan ce kawai.

Madara kuwa wani tsoho Basine ne ke kawo mata, tana ce masa Baba Liang. Yana da ’yan baƙaƙen shanun nan nasu masu kama da ɓauna a bayan gari, yana kawo madara a keke mai taya uku wa wani shagon kayan zaƙi da ke ƙasan benen, sai ya hau ya zuba mata nata. Ba ya jin Hausa, ita kuma Sinancinta bai wuce na ciniki ba. Ya ce nihaw, wato sannu, ta ce nihaw. Ya zuba, ta ce shiyeshiye, wato na gode. Wani lokaci ya leƙa ƙwaryar ya shinshina ya ɗaga babban yatsa. Shekaru suna wannan hira, ba ta taɓa gundurarsu ba.

Shekarar wasannin Olamfik falon ya mutu. Tun kafin a fara wasa aka tsananta biza, wanda tasa ta ƙare ya tafi, wanda ya tafi bai samu dawowa ba. Wasannin a Beijing ake yi, nesa ƙwarai, amma shirunsu a falon Safiya ya sauka. Ta dafa tuwon mutum goma ta koma na biyar, ta koma na biyu, har ta daina ɗora babbar tukunya. Tabarmin da ake shimfiɗawa ta naɗe su ta jingine bayan ƙofa. Tana jin maƙwabta suna ihu gaban talabijin idan ƙasarsu ta ci zinariya, ita tana zaune da ƙwarya a cinya tana goge bayanta da tsumma. Aka gama wasa, azumi ya kama, mutane ba su dawo ba.

Wanda bai daina zuwa ba shi ne Alhaji Maidaji. Shi ne ubangidan Munkaila tun suna Kantin Kwari, shi ya kawo shi Guangzhou, kuma da takardar kamfaninsa ake sabunta wa Safiya biza. Mutum ne mai son wasa da dariya, mai kyauta kuma, kada a ci zalinsa. A makon farko na azumi ya zo buɗa-baki wajenta, ya sha ruwa, ya yi salla, sannan ta ajiye masa kindirmo. Ya kai ludayi baki ya lumshe ido.

“’Yar Fulani,” ya ce, “ki faɗa mini gaskiya don Allah. Saniya kika ɓoye a banɗaki?”

“Kai Alhaji. Wace saniya ce za ta shiga lif?”

“To wannan ai Garin Ilu ne sak. Ƙarƙashin tsamiyar nan. Har ƙanshin hayaƙin nake ji.”

“Madarar Baba Liang ce, ka san ta.”

“Abin da ya hana ni barci ke nan.” Ya ajiye ludayin ya gyara zama. “Saniyar Chaina, ciyawar Chaina, ruwan Chaina, amma ɗanɗano na rugarku. Ke nan ba a saniya abin yake ba.”

Safiya ta fara gane inda ya dosa.

A nan sai an yi muku bayanin kasuwar nono ta Garin Ilu, in ba haka ba ba za ku gane ba. Kasuwa ce ta mata, ƙarƙashin wata tsohuwar tsamiya, kuma daga nan motoci ke kwasar nono zuwa cikin Kano. Tun zamanin kakanni matan suka yi wa kansu doka. Kowace ruga da ranarta. Da damina, lokacin da madara ta yi yawa, ba mai shigo da fiye da ƙwarya biyu, saura a kaɗa a fitar da man shanu a ajiye wa rani. Da haka nono ba ya arha har mace ta koma gida tana kuka, mai saniya ɗaya ma tana samun na gishiri da sabulu. A bakin tsamiyar kuwa Goggo Jumai ke zama da ƙaramin ludayinta, duk ƙwaryar da za ta shiga sai ta ɗanɗana. In an tsuga ruwa ta sani. In madarar gari aka dama ta sani tun kafin ta haɗiye, sai ta mayar da faifai ta ce, “Koma da shi, ’yata.” Ba hukuma ba ce ta naɗa ta, ba ta da takarda. Harshenta ne kawai ƙofar kasuwar.

Alhaji Maidaji ya taɓa gwada wannan ƙofa har sau biyu, ya ba wasu mata madarar gari suka haɗa, sau biyun Goggo ta mayar da faifai.

“Goggonki ta fi kwastan tsanani,” ya ce yana dariya. “Kwastan ai ana magana da shi. Kin ji a rediyo kwanan baya, manyan ƙasashen duniya sun taru a Geneva kan a buɗe kasuwanni, kowa ya riƙe manomansa ya ƙi saki, har taron ya watse? Na ce da sun aiko an ɗauko musu Goggo Jumai, da ta koya musu yadda ake cewa a’a ba tare da an kama otal ba.”

Safiya ta yi dariya ba da sonta ba.

“Ga abin da ke akwai,” ya ce. “Ina magana da wani lawban, mai kamfani ne a nan bayan gari. Madarar gari yake shigowa da ita daga waje ya zuba a buhuna. Ya ce in na samo iri mai kyau, suna da injin da zai busar da shi ya zama gari, a haɗa cikin kowane buhu. Mace ta zuba ruwan ɗumi kawai, gobe ta tashi da kindirmo. Na sayo na kasuwa a gida na gwada, kwana biyu yake ya tsinke ya zama ruwa. Na ɗauko a gora, aka ƙwace a filin jirgi. Naki kuwa ga shi nan kusa, kuma ya saba da baƙuwar madara. Ludayi ɗaya nake so.”

“In ya shiga kasuwa fa, Alhaji? Mai buhu ba ta da damina ba ta da rani. Ƙwarya goma za ta kawo.”

“Ashirin ma. Nono ya yi arha. Ke kin san yara nawa ne a Kano da rani ba sa ganin farin abu a kwano? Ni ba mugu ba ne, Safiya. Talaka ma yana da baki.”

“Mai saniya ɗaya ma talaka ce.”

“Ita ma ta sayi buhu.”

“Ta yi yaya da saniyar?”

Ya ɗauki ludayi ya ƙarasa kindirmonsa. “Ki yi tunani. Ba gaggawa. Wataƙila ma ba zai kama da madarar gari ba, mu huta gaba ɗaya.”

Bayan ’yan kwanaki sai ga tashin hankali a gari. Aka ce an samu wani mugun abu a madarar jarirai, yara suna kwance a asibitoci. Safiya ba ta jin abin da talabijin ke faɗa, amma ta ga iyaye mata a layi riƙe da jarirai, ta ga ana kwashe gwangwanaye daga kantuna. Ta yi musu addu’a, don uwa uwa ce ko’ina take. Kashegari ta dafa ruwa ta ɗauraye tukunya tana jiran Baba Liang. Bai zo ba. Ta ce ko kekensa ne ya lalace. Kashegari ma shiru. Ta sauka shagon kayan zaƙi, ta tarar an ja ƙofar ƙarfe rabi, matar shagon na zaune tana fifita. Safiya ta kwatanta mata keke, ta kwatanta zuba madara. Matar ta kaɗa hannu ta ce, “Meyo.” Babu ke nan.

Ta shiga kantin kusa, meyo. Ta shiga na gaba, wurin madarar kwali fayau kamar an share. Ta hau jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, da azumi a bakinta, ta je babban kantin da Turawa ke sayayya, ta tarar ’yar wadda aka shigo da ita daga waje iyaye sun wawashe tun da safe. Yaron kantin ya buɗe mata tafin hannuwa biyu. Ta dawo cikin cunkoso, mutum ta gaba mutum ta baya, ba wanda za ta ce wa wash ya ce mata sannu.

Ta sa irin a firji. Firji yana jinkirta yunwa ne, ba ya ƙosarwa. Kullum da magariba in ta sha ruwa sai ta lakato kaɗan ta ɗanɗana, kullum tsamin yana ƙara kaifi, ruwa mai ɗorawa-ɗorawa yana tasowa a sama. Ta tuna dabarar Inna, ta yago gefen farin mayafinta ta tsoma ta shanya a baranda. Amma iskar Guangzhou ba ta san bushewa ba. Ga zafi ga laima, ruwan sama ya yi ta zuba, ƙyallen ya ƙi bushewa har ya fito da baƙaƙen ɗigo-ɗigo. Ta jefar da shi, iri ya ƙara raguwa.

Ana cikin haka Alhaji Maidaji ya zo, wani yaron lif na biye da shi ɗauke da ƙaramin buhu, ya ajiye a bakin kicin ya tafi.

“Na ji ba madara,” ya ce. “Ga wannan. Kada ki ji tsoro, ba ruwanta da abin da ake faɗa, daga wata ƙasa ta zo, ni kaina ita nake sha da sahur. Ki ciyar da abinki kada ya mutu.”

“Na gode, Alhaji.”

“Kuma kin san yanzu ba mai son jin sunan madara a garin nan, lawban ya yi laushi, duk abin da na ce sai ya ce to. Ran Juma’a in mun sauko daga masallaci zan zo da mutuminsa, da ɗan akwatin ƙanƙara, ya ɗiba.” Ya tsaya a ƙofa yana sa takalmi. “Bizarki ma ta kusa, ko? Ki tuna mini.”

Bai faɗa da wata manufa ba, wataƙila. Amma ya faɗa, kuma ta ji.

Ta kira gida da yamma, lokacin a can hantsi ne. Wayar ta mai shagon bakin kasuwa ce, sai da aka aika aka kira Goggo, Safiya tana jin hayaniyar mata da kukan jaki, har tana ganin tsamiyar a idonta.

“Safiyatu! Kina lafiya? Ya azumi a ƙasar masu cin abinci da tsinke?”

“Lafiya lau, Goggo. Ya shanu? Ya Najiba?”

“Najiba ga ta nan, ta zama ’yar kasuwa. Ƙwaryar uwarki na ba ta, ita ke kawo nonon Jar Saniya ranar rugarmu. Da shi muka yanka mata atamfar Salla. Sai rowar tsiya, ko gyara ba ta yi wa mutum.”

Aka ba Najiba wayar, ta gaishe ta cikin kunya kamar baƙuwa, ta ce Jar Saniya ta haifi maraƙi, ta ce yaushe za ta zo. Safiya ta ce in Allah ya yarda. Goggo ta karɓe.

“Goggo, da azumi yaya kike ɗanɗanawa?”

“Hanci mana. Hanci da ido. In na yi shakka a ajiye mini sai magariba. Sun ɗauka na tsufa. Shekaranjiya wata ta zo mini da na gari, har da yayyafa man shanu a sama, wai ta yi wayo. Na ce koma da shi.”

“In aka samu wanda ba ki gane ba fa?”

“Babu shi.”

“In an samu.”

Goggo ta ce, “To ranar sai in naɗe tabarmata, kowa ya sayar da shanunsa ya sayi buhu. Ke me ya kawo wannan magana? Irin uwarki yana nan?”

“Yana nan.”

“Ki riƙe shi da kyau. Namu na nan duk sun gauraya, wannan ta ara wa waccan. Naki ne kawai hannunta zalla.”

Katin ya ƙare a nan.

Ranar Laraba da safe ta buɗe firji, ta ga abin da ya rage bai fi cikin tafin hannu ba, kuma warinsa ya fara canzawa. Ta daɗe tana tsaye. Sai ta ce a ranta, ai Alhaji da kansa ya ce wataƙila ba zai kama ba. In bai kama ba shi ke nan, ta gaya masa da gaskiyarta. In kuwa ya kama amma ya fito da ɗanɗanon gari, to ta samu abin ciyar da shi har Baba Liang ya dawo, Goggo kuma ta ci gaba da mayar da faifai. Ta kwance bakin buhun. Ta dama garin da ruwan zafi, ta bari ya huce har ta iya tsoma ɗan yatsa ta yi salati ba ta cire ba, yadda Inna ke auna ɗumi. Ta juye a ƙwarya, ta zuba irin duka, ta rufe da faifai, ta lulluɓe da tsohon rawanin Munkaila.

Ran Alhamis ta ɗaga faifai. Ya kama. Ya yi kauri luƙui, ta karkata ƙwaryar bai motsa ba. Ƙanshin ya daki hancinta ta yi sauri ta rufe, don azumi.

Wunin nan ya yi mata tsawo. Ta share falon da ba wanda ya taka, ta wanke kwanonin da ba wanda ya ci a ciki. Ba a jin kiran salla a unguwar, sai dai ta duba agogo ta leƙa taga ta ga hasken ya ja ja a bayan benaye. Ta ci dabino, ta kurɓi ruwa, ta yi salla. Sannan ta shimfiɗa tabarma ɗaya a tsakar falo, ta zauna ta jawo ƙwaryar, ta yi bismilla.

Garin Ilu ne. Ba kama ba ce, shi ne. Tsamin da ke zuwa a hankali daga baya, da ɗan hayaƙin nan, da santsin da ke tsayawa a ganɗa. Ta ƙara ludayi na biyu, ta riƙe shi a baki tana neman inda garin zai tona kansa, ta juya shi gefen harshe yadda ta ga Goggo na yi tun tana yarinya. Bai tona ba. Inna ce ke tsugune bakin murhu da sassafe, bayanta a lanƙwashe, tana cewa miƙo mini faifai.

Safiya ta yi kuka sosai, irin wanda ba ta samu ta yi ba lokacin rasuwar. Ga abinta ya rayu, ya ƙoshi, da buhun nan zai kai shekara. Ga kuma Najiba da ƙwarya a kai, tana tsaye ƙarƙashin tsamiya, mata masu buhu sun cika wurin, Goggo tana ɗanɗanawa tana cewa shige, tana ɗanɗanawa tana cewa shige.

Ta yi tunanin ta ɓoye kaɗan a kofi ta ce wa Alhaji ya mutu. Amma ta san kanta, ta san shi. Ba ta iya yi masa ƙarya ido da ido ba, balle da azumi. Kuma muddin abin yana da rai a gidan nan, yau ne ko gobe, da wasa ne ko da maganar biza, sai ya fita a akwatin ƙanƙara.

Ta goge ido ta ci gaba da sha. A hankali ta sha, ba ta bar wa sahur ba. Da ludayi ya daina kamowa ta sa yatsa ta suɗe. Sannan ta tashi ta kai ƙwaryar wurin wanke-wanke. Ƙwaryar nono ba a sa mata sabulu, kowace ’yar ruga ta san wannan, don iri yana maƙale a jikinta ko an ɗauraye. Safiya ta tafasa ruwa, ta zuba sabulu, ta sa soson ƙarfe. Ta goge ciki har farin ɓargon ƙwaryar ya fito, ta sake zuba tafasasshen ruwa, ta wanke ludayi da faifai. Ta kife su.

Ran Juma’a Alhaji Maidaji ya zo da wani saurayi Basine mai gilashi, riƙe da shuɗin akwati. Alhaji ya shigo da fara’arsa.

“’Yar Fulani, fito da dukiya. Ga baƙo, ki ce masa nihaw.”

Ta ce nihaw. Ta shiga kicin ta ɗauko ƙwaryar ta ajiye a gabansa. Ya leƙa. Ya ɗaga ya shinshina, sabulu ya buge shi.

“Ya mutu?”

“A’a.”

“Bai kama da garin ba?”

“Ya kama, Alhaji. Ko Goggo ba za ta gane ba.”

“To ina yake?”

“Na shanye.”

Ya dube ta, ya dubi ƙwaryar, ya sake dubanta. Saurayin yana murmushi yana jiran a fassara masa.

“Duka?”

“Duka.”

“Safiya, na mahaifiyarki ne fa. Ke da kanki kika ce mini shi kaɗai ya rage miki.”

“Shi kaɗai ne.”

Alhaji ya ajiye ƙwaryar a hankali, kamar mai ajiye ƙwai. Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da ta fi jin sauƙi. Ya juya wajen saurayin ya ce, “Meyo.” Saurayin ya ce, “Meyo?” Ya ce, “Meyo.”

A bakin ƙofa ya tsaya. “Kin san wani zai samo wata hanya. In ba ni ba, wani. In ba bana ba, baɗi.”

“Na sani. Amma ba da hannun Inna ba.”

“Takardarki zan sa a yi miki, albarkacin Munkaila.” Ya sunkuya ya ɗauki buhunsa da kansa, abin da bai saba ba. “Allah ya ba mu alheri.”

Bai sake zuwa buɗa-baki ba. Ran Salla ta dafa shinkafa da kaji kamar za a zo, ta shimfiɗa tabarmi biyu. Ta ci ita kaɗai, ta ba mai gadin bene saura.

Bayan Salla da ’yan kwanaki, da safe, aka ƙwanƙwasa. Ta buɗe ta ga Baba Liang, ya rame, riƙe da ƙaramar jarka maimakon babbar. Ya ce nihaw. Ya ajiye jarkar ya shiga ba ta labari da hannu. Ya kwatanta tatsa, ya kwatanta ɗaukar bokiti, ya kwatanta juyewa a ƙasa, ya sake juyewa, ya sake. Sannan ya kama igiyar da babu, ya miƙa wa mutumin da babu, ya bi su da kallo har ƙarshen baranda. Safiya ta gyaɗa kai, ta gane ya zubar da madara, ya sayar da wasu shanunsa. Wannan labari ba ya buƙatar tafinta a wajen ’yar ruga.

Ya leƙa bayanta yana neman ƙwarya. Ta ɗauko masa. Ya shinshina, ya ɗago da mamaki.

“Meyo,” ta ce.

Ya daɗe yana kallonta. Sai ya buɗe jarkar duk da haka ya zuba mata, har ya ƙara fiye da yadda ya saba. Ta kawo kuɗi ya ture hannunta.

Da ya tafi ta dafa madarar, ta bari ta huce, ta tsoma yatsa ta yi salati. Ta juye a ƙwarya. Hannunta ya kai ga ludayi don ɗebo iri, ta tuna, ta mayar da shi. Ta rufe da faifai haka nan, ta lulluɓe da rawanin Munkaila. Madara in an bar ta za ta yi tsami ko ba iri, sai dai tsamin na iskar wurin ne.

Sai da ta kwana biyu kafin ta kama, kuma ba ta yi kauri sosai ba. Safiya ta ɗanɗana. Ba ta san wannan ɗanɗano ba, ba na kowa ba ne. Ta ɗebi ludayi ɗaya ta ajiye a kofi saboda gobe.